Yadda Barend Ya Gyara Bindigar Matarsa

Barend Lategan bai taɓa harbin abu ya samu ba tun da uwarsa ta haife shi. Amma idan ka zauna da shi a bakin gidan man Zolile, kafin gahawarka ta huce zai tabbatar maka babu wanda ya san cikin bindiga kamarsa daga Witkuil har bakin teku. Shi ba maharbi ba ne, in ji shi, likitan bindiga ne. Jan kunama aikin yara ne. Ilimin yana ciki, inda allura take da sifirin.

Matarsa Dalena ce maharbiyar gidan. Gajeruwar mace ce mai ƙarancin magana. Takan riƙe ƙaramar bindigar gasa da hannu ɗaya, ɗayan hannun a aljihu, ta jera harsashi biyar a wurin da murfin kwalba zai rufe. Mahaifinta marigayi ne ya sayo kofin azurfar da Witkuil da Brakdam suke gasa a kansa duk tsakiyar sanyi, shi ne kuma ya kafa dokar cewa garin da ya ci sau uku a jere ya tafi da kofin har abada. Brakdam ta ci bara, ta ci bara waccan, lokacin da Dalena take fama da yanar ido. Bana an cire yanar, ido ya dawo tar. Sai kuma bindigar ta fara iskanci.

Irin wannan ƙaramin harsashin ba a tsakiyar gindinsa wutar take ba, a gefe take, zagaye da bakin. Allurar bindiga ce ke dukan gefen ya tashi. To bindigar Dalena sai ta yi harbi uku ko huɗu lafiya lau, na gaba a ja kunama a ji ƙyat, shiru.

Ta sa ta a akwatinta, ta miƙa wa mijin.

"Ka kai wa maƙerin bindiga a birni. Ka miƙa masa, ka rufe bakinka, ka dawo."

"Dalena, ai ni da ganin..."

"Barend. Ka miƙa, ka rufe baki, ka dawo. Wanne ne ya yi maka wuya?"

"Na tsakiyar," in ji Goggo Siena daga bayan shinge. Maƙwabciyarsu ce, tsohuwa mai kunne kamar na jemage, da wani ƙaton kare mai suna Janar wanda ba ya rabuwa da ita.

Barend ya shiga a-kori-kurarsa fuska a murtuke. Ya bi babban titi, ya ɗaga wa kowa hannu don a shaida ya tafi. Da ya kai gadar bayan gari sai ya tsaya, ya dubi akwatin a kujerar gefe. Wani yaro a birni, wanda aka haifa bayan shi Barend ya fara furfura, shi ne zai taɓa bindigar matarsa? Nan take shirin ya faɗo masa a ka cikakke, har da ƙarshensa. Zai gyara ta da kansa a ɓoye. Dalena za ta ci kofi. A gaban garuruwa biyu zai miƙe ya ce ga hannun da ya yi aikin. Daga nan sai allo a ƙofar gareji, da sunansa da manyan baƙaƙe, mutane suna layi da bindigogi tun daga Brakdam.

Ya juyo ta hanyar mayanka, ya lallaɓa gareji ta baya. Dalena tana zauren coci da sauran mata, suna shirin kasuwar coci da za a ci ranar gasar da yamma, saboda haka gidan nasa ne shi kaɗai. Ya kunna murhun ƙarfen da ke kusurwa, ya naɗe hannun riga.

"Birnin ya matso kusa ke nan," in ji Goggo Siena. Ta riga ta jingina da shingen, ta tagar garejin tana ganin komai.

"Goggo, sirri ne. Kada Dalena ta ji."

"Ni in gaya mata? In ɓata wa kaina kallo?"

Ya fara da harsashi, domin a ganinsa laifi kullum na ƙarami ne. Ya ɗauko ɗaya daga waɗanda suka ƙi tashi, ya ga inda allura ta ɗan lotsa gefensa. Ya juya shi ta wani gefen, ya mayar, ya auna buhun yashin da ya jingina a bangon tsakar gida. Tau! Ya tashi.

"Kin gani?" ya daka tsalle. "Harsashi yana da fuska, yana da ƙeya! Dalena ta ƙeya take dukansa. Wannan ko a birni ba su sani ba."

Goggo Siena ba shi take kallo ba. Rufin ɗakinta take kallo, inda ta jera kabewoyinta a kan kwano don su daɗe har ƙarshen sanyin bana. Babbar cikinsu, wadda ta ware don kasuwar coci, tana tsiyayar ruwa ta wani ɗan rami.

"Buhun yashin yana ƙasa, Barend. Kabewata tana sama."

"Iska ce ta ɗauke shi."

"A cikin gareji?"

Ya sake gwadawa, wannan karon ya matso har kusan ya taɓa buhun. Tau, tau, ƙyat. Ya juya harsashin. Ƙyat. Ya sake juyawa. Ƙyat. Wannan kam duk jikinsa ƙeya ne. Ya fara karkato bakin bindigar zai leƙa ciki.

"Yauwa, leƙa," in ji tsohuwar. "Matso da idon sosai. Baƙin kayan takaba yana yi wa Dalena kyau."

Ya ajiye da sauri, ya zare harsasan, ya ce dama gwada ta yake yi.

To tunda ba harsashi ba ne, sifirin ne. Ya kwance bindigar gaba ɗaya a kan tebur, har sassan da tun daga masana'anta ba wanda ya taɓa raba su. Da ya zo kan allurar, ya sa tsinken ƙarfe ya tura, sai wani ɗan sifirin kamar gashin hanci ya yi fit, ya tashi. Barend ya ga ƙyallinsa ya nufi ƙofa. A ƙofar kuwa kajin Dalena ne suke kiwo, wata jar kaza ta caki wani abu ta haɗiye.

Abin da ya biyo baya mutanen layin sun daɗe suna ba da labarinsa. Barend mutum ne mai tumbi, irin tumbin da ke riga mai shi shiga ɗaki. Ya bi kazar nan ta cikin lambu, ta ƙarƙashin igiyar shanya, ya fito da zanin gado a ka, ya faɗa cikin kwatamin wanke-wanke. Janar ya ga ana gudu, ya tsallako shinge ya shiga sahu, shi Barend yake bi. Da ƙyar ya damƙe kazar. Ya kife ta a ƙarƙashin bokiti, ya zauna a kai yana haki.

"Yanzu kuma me?" in ji Goggo Siena.

"Abin da ya shiga ta gaba zai fito ta baya. Jira zan yi."

Ya jira. Ya bincika abin da kazar ta ajiye har sau uku da tsinken ashana, fuska a yamutse. Babu sifirin. Ya koma gareji a gajiye, ya ɗauki gahawarsa da ta huce ya kwankwaɗa, sai ya ji wani abu ya maƙale masa a haƙori. Ya tofa a tafin hannu. Ga shi nan.

"Na san yana nan," ya ce. "Jiƙa shi na yi."

Garin goge hannu ya ture tebur da tumbi, allurar da gidanta suka gangara suka faɗa cikin gwangwanin kalanzir. Ya yi ta lalube yana zagi. Da ya tsamo su, wata baƙar dauɗa mai danƙo ta fito daga ramin allurar, dattin hayaƙi da kakin harsashi na shekara da shekaru. Ciwon bindigar ke nan, ba wani ba. Da a nan ya goge, ya ɗiga ɗigon mai ɗaya ya haɗa, da ya gyara bindigar matarsa da gaske, ko da yake bai san ya gyara ba. Amma Barend ya dubi ƙarfen ya ga ya bushe ƙayau, sai tausayi ya kama shi.

"Yunwa ce," ya ce. "Ƙarfe ma yana jin yunwa. Shekara nawa tana harbi babu wanda ya ba ta abinci?"

Man bindigar gidan tuni ya ƙarar da shi a ƙofar shinge mai kuka. Ya shiga kicin yana dube-dube, idonsa ya sauka a kan babbar kwalba a saman kanta. Man wutsiyar tunkiya ne, fari tas, wanda Dalena ta narkar ta tace ta adana don biskit ɗin kasuwar coci. Biskit ɗin Dalena ba shi da na biyu, kuma kowa ya san man wutsiya ne sirrinsa. Matan Brakdam ma da kansu suke zuwa saya, suna cewa wai wa yara za su kai.

Barend ya ɗumama man a kan murhu, ya ɗura shi cikin ramin allurar har ya tumbatsa, ya shafe sifirin, ya shafe duk abin da ke motsi. Ya haɗa bindigar. Wani ɗan ƙusa ya rage a tebur, ya dube shi, ya sake kwancewa ya nemo masa gida. Sannan ya tsaya kusa da murhu, inda ɗumi ya cika ɗakin, ya auna buhu. Tau, tau, tau, tau, tau. Ya sake cikawa. Tau har ƙarshe. Ko ƙyat ɗaya babu.

Janar kuwa ya zauna a ƙofar gareji yana haɗiyar miyau.

Sirrin bai kwana biyu ba. Gasar ta mutum uku-uku ce daga kowane gari, kuma sauran biyun na Witkuil su ne Zolile mai gidan mai da Fasto Jafta. Barend ya jawo su gareji da yamma, ya rufe ƙofa, ya ƙara wa murhu itace, ya nuna musu aiki.

"Kawu, me ka sa mata?" in ji Zolile. "Ji yadda take tafiya kamar siliki."

"Haɗin kakanni ne. Da shi suka yi yaƙi."

"Ƙamshin kamar na san shi," in ji Fasto, yana shaƙar iska.

"Fasto, ka san littafi, ni na san ƙarfe. Ku kawo naku in yi musu."

"Ai tawa lafiyarta lau."

"Haka ta Dalena take kafin ta kwanta. Kana so taka ta kwanta ranar Asabar, a gaban Dogo Wessel?"

Sunan Dogo Wessel ya gama maganar. Shi ne shugaban maharban Brakdam, kuma tun bara yake yawo yana cewa ya riga ya sa kafinta ya yi wa kofin gurbi a falonsa. Zolile da Fasto suka kawo bindigoginsu. Barend bai yi musu rowa ba. Kafin ya gama, kwalbar ta koma gindi. Ya tsaya yana kallonta, sannan ya tuƙa tuwon masara mai tauri, ya danna a ciki, ya lulluɓe saman da ragowar man, ya mayar kanta.

Ranar Juma'a ya yi tafiyar ƙarya ta biyu zuwa birni. Ya kwanta a mota a bayan gada, akwatin bindigar a gaban gilashi rana tana dukansa, ya dawo da la'asar yana miƙa kamar wanda ya sha hanya. Dalena tana fama da mura, hancinta a toshe kamar an sa masa tsumma. Ta karɓi bindigar da ɗuminta, ta tafi fili ta gwada. Ta dawo fuska a sake.

"Yaron birnin nan ya san aikinsa," ta ce. "Hannunsa albarka. Ba irin masu surutun garin nan ba."

Jijiyar wuyan Barend ta tashi. Ya fita tsakar gida ya zagaya sau biyu ya dawo.

Da ta ɗaura zanin girki za ta kwaɓa biskit, ta luma cokali a kwalba. Cokalin ya tsaya cak. Ta ciro, ta duba, ta kira shi da muryar da ba ta ɗagawa.

"Barend. Mene ne wannan?"

"Janar ne. Na gan shi yana shawagi a kicin."

"Janar ne ya shanye man, ya tuƙa tuwo, ya cika kwalbar, ya rufe murfi?"

"Karen yana da wayo."

"Ina jin ku!" in ji Goggo Siena daga waje. "Kada a sa karena a ciki. Ko ruwan zafi bai iya dafawa ba."

"To, gwiwata ce," in ji Barend. "Sanyin nan. Na shafa."

Dalena ta dubi gwiwar, ta dubi kwalbar.

"Gwiwa biyu suka cinye wutsiyar tunkiya shida. To. Gobe ina da harbi, ba zan ɓata hannuna a kanka yau ba. Bayan gasa za mu zauna, ni da kai da gwiwar."

Asabar ta waye da sanyin da ke fasa bututun ruwa. Ciyawar filin harbi ta yi fari da ƙanƙara, ruwan kwanon karnuka ya daskare. Bindigogin Witkuil uku sun kwana a akwatunan ƙarfe, sun zo a bayan a-kori-kura iska tana dukansu. Mutanen garuruwa biyu sun cika bayan igiya, kowa a dunƙule cikin bargo. Kofin yana kan tebur a tsakiya, kusa da Sajan Witbooi, tsohon ɗan sanda mai kula da fili, wanda ba a taɓa jin ya yi dariya ba sai ranar da aka yi masa ritaya.

Brakdam ta fara, ta yi harbi mai kyau. Dogo Wessel ya zo ya shafa kofin.

"Goggo Dalena, ki yi masa sallama. Idan kin yi kewarsa, ki zo falona, ina ba baƙi gahawa."

"Cire hannunka daga kayan ubana, Wessel, kana bar masa maiƙo."

Aka kira Witkuil. Mutum uku suka hau layi. Shirin Barend shi ne ya jira sai an ci, amma yabon da aka yi wa yaron birni ya hana shi barci, kuma ga taro ya taru. Ya tsallake igiya, ya cire hula.

"Jama'a! Kafin a fara, a san gaskiya. Bindigar nan ba ta je birni ba. Ko ɗaya cikin ukun nan ba ta san hanyar birni ba. Wannan hannun ne ya yi musu aiki, ni Barend Lategan. Duk abin da kuka ji sun yi yau, ni ne!"

Dalena ta juyo a hankali ta dube shi.

"Koma bayan igiya," in ji Sajan. "Maharba, ku cika. Ku harba."

Hannu uku suka tashi. Fili ya yi tsit.

Ƙyat. Ƙyat. Ƙyat.

Suka jira, bakin bindiga a gaba kamar yadda doka ta ce, suka sake jan baya, suka sake aunawa. Ƙyat, ƙyat, ƙyat, a jere, kamar ana taka busasshen kara.

"Mun ji, Kawu Barend!" wani ya ɗaga murya daga ɓangaren Brakdam. "Kai ne!"

Dariya ta ɓarke. Dogo Wessel ya riƙe ciki ya durƙusa.

"Ku juya harsashin!" Barend yana ihu. "Ta ƙeya kuke duka! Fasto, juya shi!"

Aka juya. Ƙyat.

"Harsashin ne ya lalace! Na kantin Witkuil ne, ya sha damshi!"

"Ga namu," in ji Wessel, yana share hawaye. "Kyauta."

Aka sa na Brakdam. Ƙyat.

"Kun gani? Nasu ma ya ƙi! Sun yi wa filin wani abu. Sajan, a bincike su. Fasto, yi addu'a!"

"Tun ƙyat na farko nake yi," in ji Fasto Jafta.

Sajan Witbooi ya sa aka zare harsasai duka, ya duba da idonsa babu komai a ciki, aka ajiye bindigogin a tebur. Ya ce doka ta ba da ɗan lokaci a gyara, amma bindiga ba ta barin layi, ba a kuma canza ta da wata. Idan lokacin ya cika ba su tashi ba, Brakdam ta ci. Yana cikin magana sai Janar ya kutso ta ƙarƙashin igiya, ya ɗora ƙafafu biyu a tebur, ya kama lasar bindigar Fasto tun daga baki har mariƙi, ido a lumshe.

Sajan ya ture karen. Ya ɗauki bindigar Dalena, ya ja bayanta, ya zaro tsinken sakace daga bayan kunne ya soka a ramin allura. Ya ciro wani farin abu, daskararre kamar kyandir. Ya shinshina. Ya ɗora a harshe. Garuruwa biyu suna kallon bakinsa.

"Tunkiya," ya ce.

"Ashe ba gwiwa ba ce," in ji Goggo Siena, da ƙarfin da za a ji har Brakdam.

Dalena ta tako har gaban mijinta. Barend ya ja baya, igiya ta tare shi.

"Man biskit ɗina."

"Dalena, a gareji tana tashi. Tambayi Zolile! Tambayi Fasto! Sau ɗari ta tashi."

"Kusa da murhu, Kawu," in ji Zolile a sanyaye. "Kullum kusa da murhu muke."

Babu lokacin kwance bindiga uku a wanke. Masu gashin nama na gefen fili ba su hura wuta ba tukuna, kuma ko sun hura, Sajan ya ce bindiga ba ta barin layi. Dalena ta dubi kofin ubanta, Wessel ya riga ya tsaya kusa da shi. Ta dubi sama, ranar ba ta da niyyar yin zafi. Sannan idonta ya sauko kan tumbin mijinta, ya tsaya a nan.

"Sajan, ka tabbatar babu harsashi a cikinsu?"

"Na tabbatar."

"Barend, zo kan layi. Ɗaga rigarka."

"Dalena, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka yi jawabi. Ɗaga."

Ya ɗaga rigar sanyi, ya ɗaga ta ciki, ya ɗaga singileti. Ta ɗauki ƙarfen da ya kwana a ƙanƙara ta manna a fatar cikinsa. Ƙarar da Barend ya saka ta tashi tsuntsaye daga kan waya. Ta ƙara ta biyu, ta ƙara ta uku, ta ja riguna ta cusa a wando, ta ƙara wa bel rami biyu.

"Yanzu yi gudu a tsaye. Ina son gumi."

"Wannan ba ya cikin doka!" in ji Dogo Wessel.

Sajan ya yi tunani. "Doka ta ce bindiga kada ta bar layi. Tumbin yana kan layi."

Barend ya yi ta sassarfa a wuri ɗaya, ƙarafa suna kacau-kacau a cikinsa. Yaran Brakdam suka kama yi masa tafi daidai da takunsa, matan Witkuil suka karɓa. Da lokaci ya kusa cika, Dalena ta sa hannu ta zaro tata kamar mai ciro burodi daga tanda, ta goge mariƙin da gefen rigarsa. Aka mayar da Barend gefe, aka cika, aka auna.

Tau! Tau! Tau!

Witkuil ta ɗauki sowa. Amma man wutsiya ba ya daɗewa a narke a irin wannan sanyi. Duk bayan harbi biyar sai Sajan ya duba bindigogin, a mayar da su tanda. Barend ya yi gudu, ya tsaya, ya yi gudu. Man ya narke ya bi cibiya, ya gangara cikin wando, ya sauka har safa. Ƙamshin gasasshen rago ya cika fili tun ba a hura wuta ba. Janar ya dawo, ya gayyato abokai. Karnukan Brakdam da na Witkuil, waɗanda ba sa haɗuwa sai da faɗa, suka yi sulhu a ƙafafun Barend.

Zolile ya yi harbi daidai gwargwado. Fasto kuwa mariƙinsa yana santsi, ya aika harsashi ɗaya cikin takardar da Zolile yake aunawa, ya ce ai duk gari ɗaya ne. Da aka zo zagayen ƙarshe, Sajan ya ce sai Dalena ta sa duka biyar a baƙin ɗigon tsakiyar takarda, in ba haka ba kofi ya tafi.

"Shiru!" in ji Sajan. "Wanda ya yi tari zan fitar da shi."

Ta ɗaga hannu. Tau. Tau. A daidai nan Janar ya gano inda rigar ta zame daga wando, ya cusa hanci mai sanyi, ya sa harshe a cibiyar Barend. Barend mutum ne mai jin cakulkuli. Ya cije leɓe, ya toshe baki da hula, hawaye suna zuba, jikinsa yana rawa kamar injin niƙa. Tau. Tau. Dalena ta sauke hannu, ta ja numfashi, ta dubi mijin ta wutsiyar ido. Ya daskare, kare yana aiki. Ta ɗaga. Tau.

Sajan ya taka har wurin takarda, ya sa tabarau, ya daɗe. Ya dawo ya ɗauki kofin, ya wuce Dogo Wessel kamar bai gan shi ba, ya miƙa wa Dalena.

Kafin sowa ta lafa, Barend ya riga ya hau kan benci, wando yana ɗiga, karnuka suna kewaye da shi.

"Na gaya muku! Na ce duk abin da suka yi yau ni ne! Wa ya ɗumama su? Wannan dabara ce, tun farko haka na tsara. Man ya san jikin mai shi. Wanda ke son a yi wa tasa, gareji a buɗe yake..."

"Sauko," in ji Dalena.

"Bari in je gida in canza kaya."

"Ba ka da lokaci. Kana da aiki."

Da yamma zauren coci ya cika. Kowace mace da teburinta, wannan da burodi, wannan da nama, Goggo Siena da kabewa mai rami tana nuna wa kowa inda harsashi ya shiga. Teburin Dalena yana inda yake kowace shekara, da farin ƙyalle a shimfiɗe. A kansa akwai kofin azurfa, da kwalbar tuwon masara. A bayansa Barend ne a tsaye cikin kayan safe, an ce duk wadda ta tambayi biskit shi zai ba ta amsa. Dalena ta zauna gefe da gahawa tana saurare.

Layin ya kai ƙofa. Ya gaya wa ta farko an sadaukar da biskit ne don martabar gari. Ya gaya wa ta biyu masana a ƙasashen waje sun daɗe suna neman wannan haɗin. Matar Fasto ta ce ya bari sai gobe ya maimaita a gaban mijinta, a kan mumbari.

Ta ƙarshe a layin ita ce uwar Dogo Wessel, tsohuwa tukuf, ba ta gani sosai. Duk shekara takan sa a kawo ta daga Brakdam saboda biskit ɗin nan kaɗai. Ta lalubi teburin da hannu, ta taɓa kofi, ta taɓa kwalba, ba ta ji faranti ba. Barend ya gyara murya zai fara. Tsohuwar ta ɗaga masa hannu, ta matso, ta shinshina shi tun daga ƙirji har bel.

"Dalena, 'yata," ta ce, "wannan bai gasu ba. Mayar da shi tanda."